Baƙi Biyu a Zauren Fatoma a Maigatari

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Haladu, Allah ya jiƙansa da rahama. Ba sai na duba takarda ba, domin ya rasu ne a daminar da aka yanke Jigawa daga Kano. Yana kwance a ɗakinsa a nan Wudil, rediyo a gefen matashinsa, aka karanta sunayen sababbin jihohi da ƙasashen da suka faɗa cikinsu. Da aka gama sai ya juyo ya ce da ni, "Malam Sani, wato Maigatari ma ta bar mu?" Na ce, "A takarda ne, Yaya. Tana nan inda ka san ta." Sai ya ce, "To, da sauƙi." Bai cika sati biyu ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Waɗanda suke ɗakin sun ɗauka zafin ciwo ne ya sa mutumin Wudil yake tambayar garin da sai an wuni a mota kafin a kai shi. Ni na san dalili, shi ne kuma nake so in rubuta tun ina da sauran ido.

Maigatari gari ne na bakin iyaka a ƙasar Gumel. Idan ka wuce ta kaɗan ka shiga Nijar. Abin da muka ji daga manya shi ne, tun kafin Turawa su kafa duwatsunsu, mutanen arewa da na kudu suna haɗuwa a wannan yanki. Masu raƙuma su sauko da kanwa da gishiri da dabino, mutanenmu su hau da hatsi da goro da tufafi. Da Ingilishi da Faransa suka raba ƙasa, sai layinsu ya ratsa tsakanin mutanen da harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, wasu ma kakansu ɗaya. Layin bai hana su haɗuwa ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna musu wurin da za su haɗu. Ran Alhamis, ranar kasuwa, za ka ga Buzu da rawaninsa, ga Bafillace da sandarsa, ga Mangawa, ga Kanawa, ana ciniki da kuɗi iri biyu, ba wanda yake neman tafinta.

Amma ba ciniki kaɗai ke kai mutane can ba. Na ga 'yan'uwan da aure ya raba sun yi alkawarin haɗuwa a Maigatari sau ɗaya a shekara. Na ga rigimar gado da ta gagara a gida an sasanta ta a can cikin wuni guda. Da na tambayi wani dattijo dalili, sai ya ce mini, a can ba wanda yake ƙofar gidansa, saboda haka ba wanda yake ɗaga murya. Kowa ya baro garinsu, kowa kuma zai koma.

A can Yaya ya haɗu da Isuhu, suna samari. Yaya a lokacin fataucin shanu yake yi, ya saya a Maigatari, a koro su a ƙasa zuwa kasuwar Wudil. Isuhu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Magarya ta Damagaram, cikin Nijar, yana noma yana kiwo, shanunsa sun fi na Yaya yawa nesa ba kusa ba. Masauki ɗaya suka yi, a zauren Fatoma Garba. Fatoma shi ne mai saukar da fatake, ya ba su wurin kwana, ya tsaya musu a ciniki. Daga ciniki suka zama aminai, har bayan da ciniki ya daina haɗa su ba su daina haɗuwa ba. Duk shekara bayan kaka, Alhamis ɗin da suka yanka, sai kowa ya ɗauko hanya.

Yadda suke yi ba shi da wuya. Kowa ya zo da guzurinsa. Yaya ya kawo busasshen kifin kogin Wudil da goro, Isuhu ya kawo cuku da dabino da garin gero. A juye a akushi ɗaya a ci. Ba mai cewa wannan nawa ne. Su kwana biyu suna hira, su yi Juma'a tare, kowa ya kama gabansa. Shekara fiye da ashirin suna haka, Yaya bai san ƙofar gidan Isuhu ba, Isuhu bai taɓa ganin gadar Wudil ba. Ga kuma wasan Kanawa da Damagarawa, wanda ba sa gajiya da shi. Da Isuhu ya hango Yaya sai ya ce, "Jama'a, kowa ya riƙe aljihunsa, ga Bakano ya iso." Yaya ya ce, "Ku bar shi, yunwa ce. Ku ba shi kifi ya ga abin da bai taɓa gani ba."

Ni na shiga tsakaninsu ne ta hanyar alƙalami. Yaya ya yi karatu amma hannunsa bai faɗa ba, saboda haka ni nake rubuta masa wasiƙa. Boko bai da amfani a nan, domin namu na Ingilishi ne, nasu na Faransa. Ajami ne kawai yake tsallaka iyaka ba a tsayar da shi ba. In rubuta, a ba direban motar shanu, ya ba Fatoma Garba, shi kuma ya ba mutanen ƙauyen su Isuhu ran kasuwa. Amsa takan ɗauki wata guda, wani lokaci biyu. Daga baya ma sai na riƙa bin Yaya muna zuwa tare.

Sai shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. Daga nan abubuwa suka juya. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, Kano ta kama gini ba dare ba rana, yashin kogin Wudil da muka saba takawa muna wucewa ya zama dukiya. Yaya ya sayar da shanu ya sayi tifa ɗaya, kafin shekara biyu ta zama huɗu. Ya rushe gidan ƙasa ya yi na siminti, ya je Makka, ya sayi ƙaramar mota. A daidai waɗannan shekarun ne kuma fari ya sauka a arewa. Mu ma ya taɓa mu, gonakinmu na wajen Utai ba su ba da komai ba, amma mu muna da abin sayen hatsi. Su Isuhu ruwa ya ɗauke musu damina biyu a jere. Shanun da ya tara tun yana saurayi suka mutu ɗaya bayan ɗaya, yana kallo.

Da muka haɗu a Maigatari a wannan shekara, Isuhu ya kwance ƙullin guzurinsa, garin gero ne kawai ɗan kaɗan. Ya juye a akushi kamar yadda ya saba, ya yi wasansa kamar yadda ya saba. Yaya bai iya cin abinci sosai ba. A hanyar dawowa ya ce da ni, "Malam Sani, yaya zan yi da mutumin nan? In na ba shi a gaban jama'a na kunyata shi." Ni ne na kawo shawara, ba zan ɗora wa mamaci ba. Na ce, "Ka gayyato shi Wudil. Baƙo ba ya jin kunyar abin da mai gida ya ba shi." Yaya ya ji daɗin wannan magana, na rubuta wasiƙa, Isuhu ya zo.

Kwana bakwai ya yi a gidan Yaya. An yanka rago ranar da ya sauka, an yanka wani ranar Juma'a. An ɗinka masa riguna biyu na shadda. Yaya ya zaga da shi a mota, ya nuna masa gada, ya nuna masa tifofi suna lodi a bakin kogi, ya kai shi har Kano ya ga benaye. Ranar komawa aka cika bayan mota da buhunan gero da dawa, aka ce za a aiko masa da karsana biyu. Mutanen unguwa suka yi ta sa wa Yaya albarka, suna cewa ga yadda ake riƙon aminci. Isuhu ya yi godiya irin ta mutumin kirki, ya yi addu'a mai tsawo. Da zai shiga mota ya riƙe hannun Yaya ya ce, "Na ga gidanka. Saura ka ga nawa." Yaya ya yi dariya ya ce, "In Allah ya so." Bai ɗauki maganar da nauyi ba, ni ma haka.

Bayan damina sai ga wasiƙar Isuhu. Ya ce an sami ruwa gwargwado, yana roƙon Yaya ya zo ƙauyensu shi ma ya kwana bakwai. Yaya ya sa na karanta masa sau biyu. Ya ce, "Ka san abin da zai yi in na je? Duk abin da ya rage masa zai yanka. In babu ya je ya nemo a wurin mutane. Ba zan zama sanadin wannan ba. Rubuta masa ka ce aiki ya yi yawa, mu haɗu a Maigatari kamar kullum." Na rubuta. Amma mai rubutun wasiƙa yana da wata ɗabi'a ta son ya ƙawata magana, ya nuna tausayin mai aikowa. Sai na ƙara layi ɗaya daga kaina, na ce, mun san halin da kuke ciki, ba ma so mu ɗora muku nauyi. A ganina alheri na rubuta. Ban karanta wa Yaya wannan layin ba.

Alhamis ɗin alkawari muka je Maigatari, Isuhu bai zo ba. Ya aiko da gaisuwa ta bakin wani mutumin ƙauyensu, ya ce lafiya lau yake. Shekara ta zagayo, muka koma, haka. Yaya ya aika da hatsi, aka karɓa aka aiko da godiya a rubuce, godiya mai kyau, babu wasa ko ɗaya a cikinta. Shekara biyar muna zuwa, Yaya ya kwance kifinsa a zauren Fatoma, ya zauna yana duban ƙofa, ran Asabar mu dawo. Mutum ne mai abokai da yawa a lokacin, zaurensa ba ya rabuwa da jama'a, amma ya taɓa ce mini duk waɗannan tifa suka sani, Isuhu kaɗai ya san shi yana bin shanu da ƙafa.

Nakan yi tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Yau in abokinka ya shiga matsi, sai ka danna waya kuɗi su isa gare shi, ba ka ga fuskarsa ba, bai ga taka ba. Akwai sauƙi a ciki, ba na musu, wataƙila ma akwai sutura. Amma na lura mutane sun iya bayarwa fiye da da, sun kuma rage zuwa. 'Ya'yan Yaya suna aika wa dangi na ƙauye abin azumi duk shekara, Allah ya saka musu, sai dai ban san ranar da ɗayansu ya je ya zauna a tabarmar waɗannan dangin ya sha furarsu ba. Ita ma Maigatari ta canja. An ce mini yanzu manyan motoci sun fi raƙuma yawa, zaurukan fatoma da yawa sun zama shaguna, ga shi kuma an taɓa rufe iyakar wata da watanni. Duk da haka ran Alhamis mutane suna cika ta, kuma ba na shakka a cikinsu akwai waɗanda ba saye ba sayarwa ya kai su, sun je ne su ga wani.

A shekara ta shida Fatoma Garba ya gaji da kallonmu. Ya tsufa a lokacin, ba ya tauna magana. Bayan la'asar ya zo ya zauna kusa da Yaya ya ce, "Alhaji, kifin nan naka ya ishe ni. Mutuminka ba zai zo ba."

Yaya ya ce, "Baba Fatoma, me na yi masa? In laifi ne a faɗa mini."

Ya ce, "Shekara nawa kuna sauka a nan? Ku biyun baƙina ne, ba wanda ya fi wani tabarma. Ka ɗauke shi ka kai shi gidanka, ka mai da shi baƙonka, ya yarda. Ya ce kai ma ka zo ka zama nasa, ka ƙi. Har ka rubuta masa ka san halin da yake ciki. To da wane ido zai zo ya sa hannu a akushi ɗaya da kai?"

Yaya ya juyo ya dube ni. Na ce, "Ni na ƙara wannan, Yaya." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ka rubuta, amma abin da ke zuciyata ka rubuta." Bai sake tayar mini da maganar ba har ya bar duniya, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Yaya ya ce da Fatoma gobe zai tsallaka iyaka. Fatoma ya ce, "Da me?" Yaya ya nuna motarsa, wadda bayanta ke cike da shinkafa da sukari da atamfofi. Fatoma ya ce, "Wannan ta kwana a nan, da ita da abin da ke cikinta. Goro ɗaya za ka riƙa, irin na gaisuwa." Yaya ya yi ta roƙo a bar masa ko buhu ɗaya. Fatoma ya ce, "In ka kai buhu, ka je rabon sadaka ne, ba baƙunci ba. Zaɓi ɗaya." Na san Yaya shekara da shekaru, ban taɓa ganin abin da ya yi masa wuya kamar tafiya gidan mutum hannu sake ba.

Bayan Juma'a muka bi amalanken mutanen ƙauyen su Isuhu da suka ci kasuwa za su koma. A bakin iyaka jandarman Nijar suka dube mu suka ɗaga hannu. Yashi ne da ƙaya da gonakin gero da aka girbe, har rana ta yi sanyi muka isa. Isuhu yana ƙofar gida yana gyaran igiya. Ya ɗago ya gan mu, ya miƙe, igiyar tana hannunsa. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Ya dubi Yaya, ya dubi bayan amalanken ya ga babu kaya, ya sake duban Yaya. Sannan ya ce, "Lale, lale. Maraba da mutanen Wudil." Aka yi gaisuwa ta ƙa'ida, aka tambayi gida da iyali da gajiya, ba wanda ya ambaci shekara shida.

Awaki uku na gani a gidan. Da safe Isuhu ya kama babbar cikinsu ya ja ta bayan danga, ya fito da wuƙa. Yaya ya zabura zai tashi. Na kama gefen rigarsa na riƙe. Ya koma ya zauna, ya sunkuyar da kai, yana ja wa kansa carbi har aka gama. Da aka kawo nama da tuwon gero ya ci, ya ƙara, ya ce a gaya wa mai ɗakin Isuhu miyarta ta fi ta Wudil. Isuhu ya kira maƙwabta ɗaya bayan ɗaya su zo su gaida baƙonsa. Ya zaga da mu ya nuna mana rijiyarsu, da gonarsa, da filin da shanunsa suke kwana a da, da karsanan nan biyu da suka zama shanu biyar. Yana tafe a gaba, mu muna biye.

Ran kwana na uku Yaya ya ga hatsin rumbu yana raguwa, ya sa ni in yi magana. Na gyara murya na ce, "Malam Isuhu, ka san dai abin da malamai suka ce, haƙƙin baƙo kwana uku ne." Isuhu ya ce, "Haka ne, Malam Sani. Ashe kun sani? To a Wudil littafin ɓata ya yi muku, kuka riƙe ni kwana bakwai?" Yaya ya fashe da dariya har da hawaye. Isuhu ya ce, "Kanawa ke nan, ko a karatu sai sun yi ƙwange." Muka cika bakwai ɗinmu.

Yau in na duba abin da Yaya ya bari, tifofin nan tun yana raye suka zama tarkace, bayan da kuɗin mai ya ja baya. Gidan siminti an raba shi gado, an yi masa ƙofofi uku. Mutanen da suke tuna shi a Wudil suna tuna shi da kyauta, kuma gaskiya ne, mai kyauta ne. Amma kyauta ba ta taɓa yi masa wuya ba. Ni in ana maganarsa, abin da nake auna shi da shi shi ne ranar da ya zauna ya bari talaka ya yanka masa akuya, bai hana ba. Bayan wannan tafiya sun ci gaba da haɗuwa a Maigatari duk shekara har ciwo ya kwantar da Yaya. Isuhu ya bi shi bayan damina biyu. Allah ya haɗa su a inda ya fi nan.

Ranar da za mu bar ƙauyen, an ɗaura wa amalanke shanu, mun yi sallama da mutanen gida, sai Isuhu ya shiga ciki ya fito rungume da ɗan rago fari mai baƙin kai, bai fi wata uku ba. Daga baya na ji gonar wani ya yi alkawarin nomewa kafin a ba shi. Ya miƙa wa Yaya. Na ga bakin Yaya ya motsa, na san kalmar da take shirin fitowa. Ya haɗiye ta. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Na gode, mai gida. Allah ya ƙara arziki."

Isuhu ya ce, "Amin. Ka ga gidana?"

Yaya ya ce, "Na gani."

Ya ce, "To, na sauke nauyi."

Yaya ya hau amalanke ya ɗora ɗan ragon a cinyarsa, a kan farar shaddarsa. Kafin mu fita gonakin ƙauyen ɗan ragon ya ɓata masa ita. Na ce ya kawo in riƙe masa. Ya ce a'a, shi aka ba.